Za a iya gane matsin cikin bututun bindiga daga gudun harsashi?

Sabo: Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san abin. Idan mutum yana da na'urar auna gudu, ya san nauyin kan harsashi, ya san tsawon bututu, me zai hana ya lissafo matsin da ya turo harsashin? A ɗauki harsashin raifil .308 Winchester, kai mai nauyin giren 150, bututu inci 24, na'ura ta nuna mita 860 a sakan. A ganina duk abin da lissafi ke nema ga shi nan a hannu.

Malama Rabi: Wa alaikumus salam. Lissafin zai yiwu, sai dai abin da zai ba ka ba shi ne wanda kake nema ba. Mu bi shi ka gani.

Giren 150 daidai yake da giram 9.72. Kuzarin kan harsashi a bakin bindiga shi ne rabin nauyi sau gudu sau gudu: 0.5 × 0.00972 × 860 × 860, ya kama jul 3,594. Faɗin ramin bututun .308, haɗe da tsagar ciki, murabba'in milimita 47.5 ne. Saura tafiyar da kan ya yi a ciki, kuma a nan ake yawan zamewa, a sa santimita 61 ɗungurungum. Bututu daga fuskar sakata, ƙarfen da ke rufe bayan harsashi, ake auna shi, kwanso kuwa ya riga ya cinye wajen santimita 5, saboda haka tafiyar gaske kamar mita 0.56 ce. Raba 3,594 da 0.0000475 × 0.56, za ka samu megafaskal 135, wato bar 1,350, kusan psi 19,600 (duka ukun ma'aunan matsi ne).

To duba iyakar da aka yanka wa wannan harsashi: SAAMI, ƙungiyar masu ƙera bindiga da harsashi ta Amurka, ta sa psi 62,000, CIP kuma, hukumar ƙasa da ƙasa ta gwajin bindigogi, bar 4,150. Wanda bai sani ba sai ya ce ai da sauran fili har ninki uku. Babu wani fili. Harsashin da ke ba da wannan gudu ƙololuwar matsinsa tana dab da iyakar nan. Lissafin ya ba ka matsakaicin matsi ne a tsawon tafiyar duka, ƙarfe kuwa ƙololuwa ce ke fasa shi. Kamar a ce maka matsakaicin zurfin kogi gwiwa ne, alhali akwai gurbin da zai shanye mai tsawo a tsakiya.

Injiniya Habu: Malama ta gama magana, ƙari kawai zan yi. Ba kan harsashi kaɗai ake turawa ba, hayaƙin albarushin ma yana da nauyi kuma shi ma gudu yake yi. Wanda ke gindin kwanso kusan a tsaye yake, wanda ke bayan kan harsashi yana gudu daidai da shi. Tsohon tsarin Lagrange ya ce a ƙara sulusin nauyin albarushi a kan nauyin kai. Irin wannan harsashi albarushinsa kusan giram 3 ne, sai nauyin lissafi ya koma giram 10.7, matsakaicin ya hau zuwa wajen bar 1,490. Daga wannan tsarin ne kuma ake gane matsi ba ɗaya ba ne ko'ina a cikin bututu: na gindin kwanso ya fi na bayan kan harsashi da rabin nauyin albarushi a raba da nauyin kai, a misalin nan kusan kashi 15 cikin 100. Ga gogayyar kai da tsagar ciki, ga zafin da ƙarfe ke sha, ga abin da ya fice ta baki bai yi aiki ba. Giram ɗaya na albarushi marar hayaƙi yana ɗauke da wajen jul 4,000, amma abin da ke shiga kan harsashi bai cika wuce kashi 30 cikin 100 ba.

Siffar abin ita ce: matsi yakan tashi ya kai ƙololuwa tun kai bai wuce 'yan santimita kaɗan ba, daga nan sai gangara har baki, inda ya rage 'yan ɗaruruwan bar. Duka tafiyar milisakan ɗaya ce da ɗan ɗori. A ƙololuwar nan ƙarfin da ke tura wannan ɗan giram 9.72 ya kai nauyin tan 1.7.

Sabo: To ai an samu mafita ke nan. Idan matsakaici 1,490 ne, ƙololuwa kuma wajen 4,000, sai a riƙa ninkawa da 2.7 kawai.

Injiniya Habu: A'a, Malam Sabo, wannan 2.7 ɗin na wannan bututu ne da wannan albarushi, ba ya bin ka zuwa wani wuri. Yanke bututun ya dawo inci 16. A .308 kowane inci yakan ci mita 6 zuwa 9 a sakan, sai gudu ya sauko wajen 800, tafiya ta zama mita 0.36. Sake lissafin Malama: jul 3,110, matsakaici bar 1,820. Matsakaici ya hau daga 1,350 zuwa 1,820, gudu ya ragu, ƙololuwa kuwa ko motsi ba ta yi ba, domin ta riga ta faru can baya tun kafin kai ya iso inda aka yanke. Da wace lamba za ka ninka yanzu?

Wanda ya fi wannan muni shi ne nau'in albarushi. Mai saurin ci yana zubar da hayaƙinsa tun kai bai matsa ba, matsi ya yi tsiri sannan ya faɗo. Mai jinkirin ci yana ci gaba da ƙuna yana bin kai, tsirin ya yi ƙasa amma ya yi faɗi. Biyun za su iya ba ka 860 cif a na'ura, ɗaya yana cikin iyaka, ɗaya ya zarce ta da nisa. Kuma ƙunar tana ciyar da kanta: tun zamanin Paul Vieille na Faransa, wanda ya fito da albarushi marar hayaƙi a 1884, aka san saurin ƙuna yana ƙaruwa da matsi. Matsi ya ƙaru, ƙuna ta ƙara sauri, ta sake ƙara matsi. Shi ya sa ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. Abin da masu aikin ke riƙewa a ka shi ne ƙarin gudu na kashi 4 cikin 100 yana iya nufin ƙarin matsi na kashi 10 ko fiye.

Baba Audu: Ku dai yara da lissafi. Kwanso ai yana magana. Hular gindi, wadda allura ke bugawa ta kunna albarushi, ta baje ta cika raminta, ko gefen inda allura ta buga ya taso, ko gindin kwanso ya fito da ɗan tabo mai ƙyalli, ko sakata ta yi nauyin ɗagawa, to matsi ya yi yawa. Idan babu ko ɗaya, lafiya lau.

Ɗanlami Maƙeri: Ranka ya daɗe Baba, rabin farko na maganarka haka yake, duk wanda ya ga waɗannan alamu ya tsaya. Rabi na biyun ne ke kai mutane asibiti. Tagullar kwanso ba ta fara malala cikin ramin abin fidda kwanso sai matsi ya kai wajen psi 70,000 ko sama. Ke nan kafin tabon nan ya bayyana an daɗe da wuce 62,000. Tsakanin iyaka da fitowar alama akwai tazarar da kwanso bai ce komai ba.

Kuma alamun suna ƙarya ta fuska biyu. Idan akwai rata tsakanin fuskar sakata da gindin kwanso, hula takan ɗan fito, sai kwanso ya dawo baya ya danne ta, ta baje sarai a matsin da bai kai ko'ina ba. Idan ramin allura ya yi faɗi ko sifirin ɗinta ya saki, gefen bugun zai taso ko da harsashi mai sauƙi ne. Ta ɗaya ɓangaren, hula mai kaurin ƙarfe da kwanso mai taurin gindi za su fito tsaf ko matsi ya haura. Fistol da bindigar katirij mai watsa dalma kuwa ba a ma zancen. Iyakar harsashin fistol .45 ACP psi 21,000 ce, ta katirij mai lamba 12 psi 11,500. Bindigar za ta wahala tun tagulla ba ta san ana yi ba.

Baba Audu: To auna faɗin gindin kwanso kafin harbi da bayansa fa? Wannan ai awo ne, ba kallon ido ba.

Ɗanlami Maƙeri: Awo ne Baba, amma kumburin da ake nema bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na milimita ba. Sai da ma'auni mai bakin wuƙa, a wuri ɗaya tak, a kwanso sabo, domin tagulla tana ƙara tauri da kowane harbi, kumburinta na biyu ba ya kama da na farko. Kwanso daga kamfani biyu ma ba za a gwada su da juna ba. Yana nuna wannan ya fi wancan, ba ya ba da lamba.

Malam Tanimu: Bari a faɗi yadda ɗakin gwaji ke samo lambobin nan, sai a gane dalilin da ya sa ba a samun su da alƙalami.

Tsohuwar hanya, wadda ta samo asali tun shekarun 1860, ita ce a huda bututun gwaji a saman mazaunin harsashi, a sa ɗan fistin, a ɗora masa guntun jan ƙarfe da aka san tsawonsa. An harba, fistin ya matse shi, a auna yawan gajartar da ya yi, a duba jadawalin da ya zo da wannan rukunin jan ƙarfen. Lambar da ta fito ita ce CUP. Na bindigar katirij da dalma ake yi, shi ne LUP. Matsalarta ita ce jan ƙarfe yana buƙatar lokaci kafin ya lotsa, ƙololuwa kuwa ƙiftawa ce, saboda haka yakan nuna ƙasa da gaskiya, kuma lamba ɗaya kawai yake bayarwa.

Yanzu na'urar fiyezo ake amfani da ita: ɗan dutsen kwaz ne da ke fitar da lantarki daidai da matsin da ya hau shi, kwamfuta ta zana tashi da saukar matsi gaba ɗaya. Amma ko a nan ba a yi ittifaƙi ba. SAAMI, wadda aka kafa a 1926, na'urarta tana zama daidai da bangon mazaunin, ta ji matsi ta jikin tagulla, sai a yi gyaran abin da kwanso ya tare. CIP, wadda ta faro tun 1914, huda kwanson ake yi hayaƙi ya taɓa na'ura kai tsaye. Sojojin NATO kuma a bakin kwanso suke aunawa. Shi ya sa .223 Remington za ka gan shi psi 55,000 a wajen SAAMI, a wajen CIP kuma bar 4,300, wanda ya haura psi 62,000. Wani kaso na bambancin nan daga hanyar awo yake. Kuma lambar SAAMI matsakaicin ƙololuwar harbi 10 ce a bututun gwaji da aka yi wa mazauni mafi matsewa, ba ta harbi ɗaya ba.

Sabo: Na ga ana yawo da wata dabara ta mayar da CUP zuwa psi.

Malam Tanimu: Gwada ta da waɗannan. .308 Winchester CUP 52,000 ne, psi 62,000. .30-06 CUP 50,000 ne, psi 60,000. .45-70 kuwa CUP 28,000, psi ma 28,000. Duk dabarar da za a kawo layi ne aka ja ta tsakiyar ɗigogi, ta dace da wasu ta kauce wa wasu da dubbai. Kuma tsofaffin takardu sukan rubuta psi alhali da jan ƙarfe aka auna. A nan ne aka samo zancen wai 7.62 na soja ya fi .308 sauƙin matsi nesa ba kusa ba, alhali ma'auni biyu aka gwama.

Malama Rabi: Mu koma ɓangaren gudu, domin shi kam yana aunuwa, in an kiyaye. Na'ura mai ido biyu inuwar kan harsashi take gani. Idan tazarar idanun santimita 30 ce, kai mai gudun 860 zai ratsa cikin maikirosakan 349. Kuskuren milimita 3 a tazarar nan, misali na'ura mai naɗewa da ba a buɗe ta sosai ba, kashi 1 cikin 100 ne, kusan mita 9 a sakan, kuma za ta nuna fiye da gaskiya. In aka harba a karkace kuwa tafiya ta ƙaru, ta nuna ƙasa.

A ajiye ta mita 3 zuwa 4.5 daga baki. Kusa da haka hucin baki zai girgiza ta, in kuma harsashin bai kai gudun sauti ba, hucin zai riga shi isa ido na farko, ta kawo lambar banza. Fitila mai ƙyaftawa tana ruɗa ta, rana ta gefe tana sa kai ya yi ƙyalli maimakon inuwa, batir mai rauni shi ma haka. Sannan abin da ta nuna gudun wurin ne, ba na baki ba. Irin kan da Malam Sabo ya ambata yana zubar da kusan mita 0.75 a sakan a kowace mita, sai a ƙara 2 ko 3 a kan abin da ta nuna. Masu aiki da rada, irin LabRadar da Garmin Xero, ba ruwansu da haske. MagnetoSpeed a bututu ake ɗaura ta, awonta yana da kyau, amma nauyinta yakan kawar da inda harsashi ke sauka, kada a gyara saiti tana ɗaure.

Harbi 3 ba awo ba ne. A yi 10 aƙalla, a ɗauki matsakaici da yadda lambobin suka warwatsu. Tazarar mafi sauri da mafi jinkiri ita kaɗai tana yaudara, domin tana ƙara faɗi duk sa'ad da aka ƙara yawan harbi.

Nura: Wanda ba shi da na'ura fa? Ba za a iya ganewa daga yadda harsashi ke faɗuwa ba?

Malama Rabi: A mita 100 ɓata lokaci ne. Tafiyar sakan 0.12 ce, faɗuwar kusan santimita 7. Gudu ya canza da kashi 3 cikin 100, faɗuwa ta canza da kashi 6, milimita 4 ke nan, bai kai warwatsuwar harbin kanta ba. Sai daga mita 500 zuwa sama abin ke fitowa, a can kuma sai ka san jan iskar wannan kan da kyau, in ba haka ba kuskurensa ya shige cikin gudun da ka lissafa.

Tsohuwar hanyar Benjamin Robins ta Ingila, ta 1742, ta fi wannan tsabta: a harbi abu mai nauyi da ke rataye, a ga iya tashinsa. Da bindigar iska ana nuna wa ɗalibai. Ƙwaya mai giram 0.5 ta shige dunƙule mai giram 100, ya tashi santimita 7.9 a tsaye. Gudun dunƙulen shi ne saiwar 2 × 9.81 × 0.079, wato 1.24. Sau 100.5 a raba da 0.5, ya ba da mita 250 a sakan. Sharaɗi shi ne ƙwayar ta maƙale a ciki, kuma tashin tsaye ake aunawa, ba lilon gefe ba.

Nura: Ni dai ina ganin manhaja ta raba gardama. QuickLOAD ko GRT, ka zuba bayanai, ta zana maka matsi da gudu. In gudun da ta faɗa ya dace da na na'ura, ai matsin ma ya dace.

Injiniya Habu: Nan ne zan saɓa maka, ɗan'uwa. Manhajar tana da amfani ƙwarai wajen ganin ina abu zai nufa in an canza kaza. Amma akwai maɓallai da yawa a cikinta: saurin ƙunar albarushi, matsin da kai ke buƙata kafin ya shiga tsaga, cikin kwanso, kason zafin da ke ɓacewa. Kowanne ka murɗa za ka iya sa gudu ya dace da na'ura, kowanne kuma ƙololuwa dabam zai ba ka. Awo ɗaya gare ka, abubuwan da ba ka sani ba huɗu. Cikin kwanso kaɗai, wanda ake aunawa da nauyin ruwan da ya cika shi, yana bambanta tsakanin kamfanoni, kuma raguwar kashi 5 cikin 100 tana ɗaga matsi fiye da kashi 5. Rukunin albarushi iri ɗaya ma ba sa ci daidai. Kuma ta fi kuskure a kwanso miƙaƙƙe irin na fistol, inda hula ke iya tura kai gaba tun albarushi bai kama sosai ba.

Mafi kusa da awo na gaske ba tare da huda bututu ba shi ne ɗan ma'aunin miƙewa da ake mannawa a saman mazauni. Bututu yana kumbura kaɗan a kowane harbi. In ramin ciki rabin faɗinsa milimita 6 ne, na waje 15, matsin bar 4,000 zai ja fatar waje da 2 × 400 × 36 a raba da 189 (400 matsin ne a megafaskal, 36 shi ne 6 × 6, 189 kuma 15 × 15 a cire 36), wato megafaskal 152, miƙewar kusan kashi 740 cikin miliyan. Ana iya karanta wannan, kuma yana zana siffar matsin duka. Sai dai dole a daidaita shi da harsashin da aka san matsinsa, in ba haka ba shi ma kwatance yake yi.

Ɗanlami Maƙeri: A kuma tuna yawancin bindigogin da ke fashewa ba lissafi ne ya kuskure da kashi 5 ba. Harsashin 9mm da ake ta sawa ana cirewa, kansa yakan nutse cikin kwanso. Fili ɗan kaɗan ne dama a ciki, nutsewar milimita ɗaya ko biyu ta isa ta wuce da shi psi 35,000 da aka yanka masa. Kan da ya maƙale a bututu saboda harbi mai rauni, aka bi shi da wani. Laka ko tsumman goge a baki. Katirij mai lamba 20 da ya zurma cikin bututun 12 aka ɗora na 12 a bayansa. Katirij mai milimita 76 a mazaunin 70: yana shiga lafiya tunda bakinsa a naɗe yake, amma ba shi da wurin buɗewa. Harsashin 5.56 na soja a mazaunin .223 mai gajeren maƙogwaro, wato ɗan filin da ke gaban mazauni kafin tsagar ciki ta fara. Mai a cikin mazauni kuma ba ya ƙara matsi, amma yana hana kwanso kama bango, sai nauyin ya koma kan sakata. Gwajin da CIP ke yi wa raifil da ƙarin kashi 25 cikin 100, fistol da kashi 30, na tabbatar da ƙarfe ne da harbi ɗaya ko biyu, ba fili ne da aka bar wa mai bindiga ba.

Sabo: To ga tambaya ta ƙarshe. Kwali ya ce 860, na'ura ta nuna 895 a bututu mai tsawo ɗaya. Me za a ɗauka?

Malam Tanimu: Ƙarin kashi 4 ne, kuma bindigar kasuwa yawanci ƙasa da lambar kwali take bayarwa tunda mazauninta ya fi na gwaji sakewa, don haka a tsaya da harbi tukuna. A fara da na'ura: a duba buɗewarta da tazararta daga baki, a gwada ta da .22 na gasar saiti wanda gudunsa sananne ne, wajen mita 330 a sakan. In ta yi daidai, a duba zafi. Wasu albarusai suna ƙara rabin mita zuwa mita ɗaya a sakan a kowane digiri, harsashin da ya sha rana ko ya jima a mazauni mai zafi zai iya kawo rabin wannan ƙarin. A bar su su huce a inuwa, a wanke maƙogwaron bututu daga daskararren baƙi da jan ƙarfe, a sake harbi 10. In har yanzu yana wajen 890, a ajiye wannan rukunin, a rubuta lambar da ke jikin kwali a aika wa kamfanin, bindigar kuma maƙeri ya auna mazauninta da maƙogwaronta.